Rawa da iskoki: abin da ya haɗa bori, zar da rawar ƙugu ta Masar, da abin da ya raba su

A shafukan intanet na Faransanci da na Turanci ana yawan cin karo da wani zance game da rawar ƙugu, wadda aka san matan Masar da ita a finafinai. Masu zancen suna cewa asalinta ibada ce, wai tun zamanin bautar gumaka mata ke yin ta domin girmama alloli mata masu kula da haihuwa. Wannan magana ta samu karɓuwa a Turai da Amurka, kuma duk mai waya a hannu, a N'Djamena yake ko a Maraɗi, Garwa ko Kumasi, yana iya cin karo da ita. Masana tarihin rawa dai ba su sami hujjar da ta tabbatar da ita ba.

Akwai kuwa rawar da alaƙarta da tsohon addini a fili take, kuma Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Alƙahira kafin ya ji labarinta. Ita ce bori. Tana da 'yar'uwa a Sudan da Masar da Habasha da ake kira zar, kuma ta wajen zar ɗin ne kaɗai za a iya cewa rawar ƙugu ta taɓa gogar kafaɗa da sha'anin iskoki. Birnin N'Djamena yana kan hanyar da ta haɗa ƙasar bori da ƙasar zar, shi ya sa tarihin wannan al'amari ya shafi Hausawan Chadi kai tsaye.

Mece ce rawar ƙugu?

Larabawa suna kiranta raƙs sharƙi, wato rawar gabas, ko raƙs baladi idan ana nufin ta gargajiya da ake yi a gidajen biki. Rawa ce ta mutum ɗaya, wadda ƙarfinta yake a motsa ƙugu da ciki da kafaɗu, ƙafafu kuwa ba sa yin nisa daga inda suke. A Masar mata da maza da yara duk suna yin irinta a bikin aure da na suna.

A ƙarni na 18 da na 19 akwai rukuni biyu na mata masu sana'ar nishaɗi a Masar. Awalim mawaƙa ne masu ilimin waƙa, waɗanda ake gayyata gidajen manya su yi wa mata wasa. Gawazi kuma su ne masu rawa a tituna da wuraren taro. A 1834 mai mulkin Masar, Muhammad Ali, ya hana gawazi wasa a Alƙahira, da yawansu suka koma garuruwan kudu irin su Isna. Can ne matafiya Turawa suka riƙa bin su, cikinsu har da marubucin Faransa Gustave Flaubert a 1850.

Sunan da Faransawa suka laƙaba mata, danse du ventre, wato rawar ciki, ya fara yawo a Paris a shekarun 1860. Baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1889, da wanda aka yi a Shikago a 1893, su ne suka kai rawar gaban dubban 'yan kallo na Turai da Amurka. Siffar da aka fi sani a yau, mai tufafi masu ƙyalƙyali da babbar ƙungiyar makaɗa, a gidajen wasan Alƙahira aka gina ta. Badia Masabni ta buɗe nata gidan wasan a 1926, kuma daga hannunta ne fitattun 'yan rawa irin su Tahia Carioca da Samia Gamal suka fito, finafinan Masar na shekarun 1940 da 1950 suka yaɗa su a duniya.

Daga ina zancen bautar gumaka ya fito?

Gaskiya ne cewa tsofaffin Misirawa suna da rawa a cikin ibadarsu. Zane-zanen kaburbura da wuraren bauta sun nuna makaɗa da 'yan rawa, musamman a hidimar Hathor, wadda suke ɗauka a matsayin uwar kiɗa da murna. Amma zane a bango yana nuna tsayuwa ɗaya ce kawai, ba ya nuna yadda jiki ke motsi, kuma yawancin abin da aka zana ya fi kama da tsalle-tsalle da lanƙwasa baya. Babu wani rubutu da ya nuna an riƙa miƙa wata rawa hannu da hannu daga waɗancan wuraren bauta har zuwa gawazi, tsawon shekaru kusan dubu biyu da Masar ta yi tana bin Kiristanci sannan Musulunci. Marubutan Rumawa na ƙarni na farko da na biyu bayan haihuwar Annabi Isa sun ambaci mata masu girgiza ƙugu daga garin Kadis na Sifen, sai dai a wajen walima suka ambace su.

Labarin cewa rawar ibada ce ta haihuwa ya yi ƙarfi ne a Amurka a shekarun 1960 da 1970. A lokacin mata da yawa suna koyon rawar a makarantun motsa jiki, ga kuma wata sabuwar aƙida da ke neman farfaɗo da bautar alloli mata na zamanin da. Ga macen da ake yi wa kallon 'yar gidan rawa, labarin da ya mayar da sana'arta tsohuwar ibada yana ɗaga mata daraja, don haka ya shiga littattafai da azuzuwan koyo. Daga baya masu bincike irin su Anthony Shay da Barbara Sellers-Young suka nuna cewa labarin ya fi bayyana burin matan Yamma na wancan zamani fiye da tarihin Masar. Su kuwa 'yan rawar Alƙahira, sana'a suke ɗaukar abin da suke yi, kuma matsalar da suka fi fama da ita ita ce ƙyamar jama'a da dokokin hukumar tace wasanni.

Bori da tsohon addinin Hausawa

Kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, mutane suna da addinin da ya ginu a kan iskoki, halittun ɓoye da aka yi imani suna zaune a duwatsu da rijiyoyi da itatuwa irin su tsamiya da kuka. Tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe da ke zaune a dutsen Dala yana yi wa Tsumburbura hidima, kafin malaman Wangarawa su iso a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Waɗanda suka ci gaba da riƙe tsohon addinin su ne ake kira Maguzawa a yankin Kano da Katsina, Azna ko Arna a Nijar. Masanin nan Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano, ya wallafa bincikensa a 1946.

A wajen Maguzawa da Azna, hulɗa da iskoki ta gado ce: kowane gida yana da waɗanda yake yi wa yanka, maigida ne kuma ke jagoranta. Bori ya bambanta da wannan. Ƙungiya ce da mutum ke shiga shi kaɗai, yawanci ta dalilin ciwo, kuma ta bunƙasa a birane tsakanin mutanen da suke ɗaukar kansu Musulmi. Wannan ne ya sa 'yan bori da yawa suke kiran iskokinsu aljannu, suna kafa hujja da cewa Alƙur'ani ya ambace su.

Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1970 ya kuma wallafa shi a 1983, ya rubuta yadda 'yan bori ke siffanta duniyar iskoki. Suna da birni mai suna Jangare, mai gidaje goma sha biyu, a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu. Akwai farare da baƙaƙe, akwai na gari da na dawa. Kowannensu yana da halinsa da tufafinsa da dabbar da ake yanka masa da ciwon da ake danganta masa. Malam Alhaji tsohon malami ne mai tari da jan carbi. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da caca da kyauta. Kuturu yana naɗe yatsu yana korar ƙuda. Sarkin Rafi mai hauka ne da ƙarfi. Inna Bafilatana ce mai son nono, kuma ita ake dangantawa da shanyewar jiki. Duk wanda ya duba jerin zai ga hoton al'ummar Hausa ne: sarakuna da malamai da mafarauta da mahauta da baƙi, kowa da matsayinsa.

Yadda rawar ke gudana

Wanda iska ke hawa ana kiransa doki, mace kuma goɗiya. Shiga bori tana farawa da girka, wato jinyar da ake yi wa wanda aka ce iska ya kama shi. Ana keɓe shi na kwanaki, sau da yawa bakwai, a hannun wani babba a harkar, ana ba shi magunguna da turare, ana yanka, ana koya masa yadda zai ɗauki iskan ba tare da ya ji ciwo ba. Manufar girka ita ce sulhu: iskan ya daina cutarwa, shi kuma dokin ya riƙa ba shi haƙƙinsa har ƙarshen rayuwa.

A wajen wasa, makaɗa su ne masu kira. Ana amfani da garaya da goge da buta mai tsakuwa a ciki, mata kuma suna kiɗan ƙwarya, irin kayan kiɗan da marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da su a waƙoƙin amada. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa. Idan aka kaɗa taken wanda ke kan mutum, sai jikinsa ya fara rawa, idanunsa su canza, masu kula da shi su sa masa tufafin iskan su ba shi kayansa. Daga nan sai ya yi tafiya da magana irin ta wanda ya hau shi. Akwai abin da ake kira jifa, inda doki ke tsalle sama ya faɗo zaune daɓas a ƙasa, a matsayin shaidar cewa hawan na gaske ne. Jama'a sukan matso su gaishe da iskan, su kai kukansu, su yi masa kyauta. Atishawa ce alamar saukarsa, kuma dokin yakan ce bai san abin da ya faru ba.

Wannan ya nuna babban bambanci da rawar ƙugu. 'Yar rawar Alƙahira tana sane da kanta da masu kallonta, ƙwarewarta ake yabawa. A bori kuwa, bisa imanin masu yi, mai jikin ba ya nan, kuma motsin da ake gani na iskan ne. Harshen Hausa ya adana wannan tarihi a maganganun yau da kullum: ana cewa ba a bori da sanyin jiki, ana kuma cewa wane yana borin kunya.

Bori da malamai

Malaman Musulunci a ƙasar Hausa sun daɗe suna hukunta bori a matsayin shirka, saboda yanka da neman taimako ga wanin Allah. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soki masu gauraya Musulunci da tsafi a wa'azinsa da rubuce-rubucensa, kuma wannan yana cikin dalilan jihadin da ya fara a 1804. A masarautar Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori, mai faɗa a ji a fada. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar ta rasa gurbi a sabuwar daular Sakkwato.

'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fahimci cewa hani kaɗai ba zai raba matan karkara da bori ba, tunda a can suke samun magani da taro da mai sauraron kukansu. Sai ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa malamai mata da ake kira jaji, su je ƙauyuka su koyar da mata addini ta hanyar waƙoƙi. Ta ba su malfa, irin hular da aka san Inna da ita, domin mata su gane cewa ga sabon shugabanci a tufafin da suka saba girmamawa.

Sarakunan Haɓe da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa: na Katsina suka zauna a Maraɗi, na Gobir a Tsibiri. A can sarautun mata na bori suka ɗore, Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa bincike a kan borin Maraɗi a 1972, Adeline Masquelier kuma a kan na Dogon Dutsi a 2001. Ko a cikin daular Sakkwato bori bai mutu ba. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a lardin Zariya aka buga shi a 1954, ta yi bayanin yadda matan aure da masu zaman kansu suke yin sa. Alaƙarsa da gidajen magajiya da 'yan daudu a birane ta ƙara masa baƙin jini a idon jama'a.

Hanyar gabas da birnin Fort-Lamy

Shekaru aru-aru Hausawa suna bin hanyar gabas a ƙasa zuwa Makka: daga Kano zuwa Barno, a haye kogin Shari, a bi ta Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Bayan yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilun 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu, Faransawa suka kafa Fort-Lamy a mahaɗar kogunan Shari da Logone. Garin ya zama zango a kan hanyar alhazai. Cin ƙasar Hausa da Ingila ta yi ya ƙara yawan masu hijira, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Tafiyar takan ɗauki shekaru, ana tsayawa ana noma ko sana'a a tara guzuri, da yawa kuma inda suka yada zango nan suka tsufa. Haka unguwannin Hausawa suka kafu a Fort-Lamy da Abeshe. John Works ya wallafa littafi a kan waɗannan al'ummu a 1976, inda ya siffanta su da alhazai a baƙuwar ƙasa. A 1973 aka sauya wa birnin suna zuwa N'Djamena.

Ayarin bai ƙunshi malamai da fatake kaɗai ba. Akwai mata, da masu magani, da makaɗa, kowa da abin da ya taso da shi. Ƙasar da suka ratsa ita ma tana da nata al'adun hawan iska. A duwatsun Gera, mutanen Hajarai suna da margai, waɗanda aka yi imani suna magana ta bakin wanda suka hau. A cikin N'Djamena kanta, masanin Faransa Claude Arditi ya wallafa bincike a 1980 a kan bukukuwan hawan iska da halin rayuwar mata a unguwannin Musulmi na birnin.

Batun addinin gargajiya yana da zafi a tarihin Chadi saboda wani dalili na siyasa. A shekarun 1973 da 1974 Shugaba Tombalbaye, a ƙarƙashin manufarsa ta komawa ga al'ada, ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati 'yan kudu shiga yondo, wato horon balaga na ƙabilar Sara. Limaman coci da suka ƙi sun sha azaba, wasu sun rasa rayukansu, kuma hakan yana cikin abubuwan da suka jawo juyin mulkin Afrilun 1975 da aka kashe shi a ciki.

Zar: inda hanyoyin suka haɗu

A Sudan ana kiran hawan iska zar, kuma ya kasu kashi biyu: zar tumbura, wanda ya fi yawa tsakanin jikokin bayi da tsofaffin sojoji, da zar bori, wanda matan arewacin ƙasar suka fi yi. Kalmar zar daga Habasha ake ganin ta fito. Kalmar bori kuwa masana da dama suna danganta ta da Hausawa da sauran mutanen yamma da Sudaniyawa ke kira Fallata. Wani littafin haɗin gwiwa da I. M. Lewis da abokan aikinsa biyu 'yan Sudan suka shirya a 1991 ya ɗauki zar da bori a matsayin dangi ɗaya da ya shimfiɗu daga ƙasar Hausa zuwa Tekun Fasha.

Kamannin suna da yawa. Sudaniyawa suna kiran waɗannan halittu rih ahmar, wato jar iska, kamar yadda Bahaushe ke cewa iska. Shugabar taron mace ce, ana kiranta shaiha. Ana kiɗa da turare da yanka, bikin yakan kai kwana bakwai, kowane iska da takensa da tufafinsa, kuma sulhu ake nema da shi. Janice Boddy, wadda ta wallafa bincikenta a kan wani ƙauye na arewacin Sudan a 1989, ta nuna cewa iskokin zar baƙi ne: waliyyai, Habashawa, Turawa, Turkawa masu mulki, da Fallata. Wato a zar ɗin Sudan, mutumin yamma da ke kan hanyar Makka shi ma ya zama ɗaya daga cikin iskokin da ake kaɗa wa take.

Zar ya bayyana a Masar a ƙarni na 19, ana kuma ganin bayi mata daga Habasha da Sudan ne suka shigar da shi gidajen masu hali. A nan ne ya haɗu da rawar ƙugu. Makaɗan gidajen wasa sun ari wani kiɗa mai suna ayyub, wanda ake dangantawa da zar, 'yan rawa kuma suka ari juya kai da watsa gashi irin na wadda iska ya hau, suna sakawa a wani ɓangare na wasansu. Finafinan Masar ma sun sha nuna taron zar. Aro ne na kwaikwayo a kan dandamali, babu girka, babu yanka, babu majinyaci. Kama da wane, in ji Hausawa, ba wane ba ne.

Reshen arewa

Fataucin bayi ta Sahara ya kai bori Arewacin Afirka. Baturen Ingila A. J. N. Tremearne ya tarar da Hausawa suna yin sa a Tunis da Tarabulus, ya wallafa littafi a kai a 1914. A Tunisiya, wadda ta haramta bauta a 1846, al'adar ta zama stambali. Gidan Dar Barnu da ke Tunis, wanda sunansa ke nuna Barno, ya shahara a wannan harka, kuma cikin iskokin da ake kaɗa wa gumbiri har yau akwai masu sunaye irin su Kuri da Sarkin Gari. A Aljeriya akwai diwan, a Maroko akwai gnawa, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2019. Duk waɗannan sun lulluɓe kansu da sunayen waliyyai da na Bilal, ladanin Manzon Allah (SAW).

Iskoki kuma suna tafiya da zamani. A wajajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, aka fara ganin iskokin hauka, masu kwaikwayon sojoji da gwamnonin Faransa, abin da ya sa hukumar mulkin mallaka ta kama masu yi. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a Akara, ya fito da shi a 1955.

Halin da ake ciki a yau

Matsin lamba a kan waɗannan al'adu ya ƙaru a shekarun baya. Hukumomin Sudan sun hana zar a shekarun 1990. A arewacin Najeriya, dawo da shari'ar Musulunci daga 1999 da kafa hukumomin Hisba sun kori wasan bori daga fili zuwa bayan gari da cikin gidaje. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA a Nijar, masu tarzoma a Maraɗi sun kai hari kan mashaya da coci-coci da gidajen mata masu zaman kansu, har da gidan Iya. A irin wannan rikici mata ne kan fi shan wahala, musamman marasa miji da marasa galihu.

Rukiyya ta maye gurbin girka a wajen mutane da yawa. Bambancinsu shi ne mai rukiyya yana karanta Alƙur'ani domin ya kori aljanin gaba ɗaya. Ta yi ƙarfi a Kano a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata a wasu makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa suna rawa irin ta finafinan Indiya, aka danganta abin da wata aljana mai suna Sumbuka. Duk da haka 'yan bori ba su ɓace ba. Susan O'Brien ta rubuta a 1999 yadda na Kano suke zuwa aikin hajji, suna dawowa da sunan alhaji da hajiya, wasunsu ma suna samun masu neman magani a Saudiyya.

Masana halayyar jama'a sun yi bayanai daban-daban a kan dalilin da ya sa mata suka fi yawa a wannan harka. Lewis yana ganin hanya ce da wadda ba ta da murya a gida ke bi ta faɗi buƙatarta ta bakin iska. Wasu kuma suna ganin wannan bayani ya taƙaita abin, domin bori yana ɗauke da tarihi da ilimin itatuwan magani da zumunci. Likitoci a nasu ɓangaren suna jan hankali cewa wasu alamomin da ake dangantawa da iskoki na cututtukan da ke da magani ne, kamar farfaɗiya da tsananin damuwa da rikicewar hankali bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace.

Ga Hausawan da ke zaune a wajen ƙasar Hausa, rarrabe waɗannan abubuwa yana da amfani. Rawar biki da mata ke yi a gidan aure nishaɗi ce, haka ma raye-rayen larduna da ake nunawa a bikin Dary da aka fara a N'Djamena a 2018. Rawar ƙugu ta Masar sana'ar dandamali ce wadda wasu baƙi suka ƙirƙira wa tarihin ibada. Bori da zar kuwa tsarin jinya ne da imani, mai girka da yanka da shugabanni, wanda malamai suka yi hukunci a kansa, masu tarihi kuma suke bin sawunsa domin gano hanyoyin da kakannin Hausawa suka bi daga Kano da Katsina zuwa Tunis, Abeshe da Sinnar.